Ƙafa Goma Sha Huɗu

Lahore, 3 ga Maris

Mamu Zahur, kawuna,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da matarka Mami. Yaya idon? Allah ya ƙara sauƙi.

Mamu, na yi ɓarna. Injin ƙyanƙyasar ƙwai da kamfaninmu ke haɗa wa matan ƙauye, ni aka ba tsara ƙwaƙwalwarsa. Ƙafa goma sha huɗu gare ta, wato wuraren jona waya. Allon da ke nuna zafi ya cinye sha biyu, ma'aunin zafi ɗaya, hita ɗaya. Sai da aka buga farantin haɗa wayoyin injin guda ɗari biyu na tuna da maɓallai uku na saita zafin. Babu inda zan jona su. Manaja bai sani ba tukuna. Ni kaɗai ce mace a nan, kuma akwai masu jiran ranar da zan yi kuskure.

Ban gaya wa mahaifiyata Ammi ba. Kai da ka koya mini riƙon ƙarfen soda na liƙa waya nake gaya wa.

'Yarka,
Mehwish

Lahore, 30 ga Maris

Mamu,

Bayan gaisuwa mai yawa, takardarka ta iso, da zanen da ka yi a bayan kwalin shayi. Na yi dariya da ka ce injiniyar da ba ta iya ƙirga ƙafa ba ta dawo Multan ta riƙe maka tocila.

Na bi maganarka. Tunda lambobin allon bi da bi suke kunnuwa, ido ne ba ya ganewa, sai na sa allon ya ɗauke na ƙiftawar ido ɗaya, ƙafafun su saurari maɓallan, sannan su koma aikinsu. Da farko ina dannawa sai lambar ta hargitse. Ashe rezisto ɗin nan mai rage ƙarfin wuta, wanda ka ja wa layi biyu a zanen, na tsallake. Ina sa shi komai ya zauna.

Da kaina na je na faɗa wa manaja kuskuren, da injin a hannuna yana aiki. Ya yi ta danne-danne, bai ga ko gilmawa ba. Jiya ƙwai arba'in da bakwai cikin hamsin na gwaji suka ƙyanƙyashe, ofis ya cika da tsiyo-tsiyo.

Ya tambaye ni wane farfesa ne ya ba ni dabarar. Na ce mai gyaran rediyo ne a ƙarƙashin bene a Multan, aji biyar ya yi. Ya nemi adireshinka. Na ba shi, Mamu, don haka ka share shagon.

Allah ya saka maka da alheri. A gaida Mami.

'Yarka,
Mehwish