Kwandon Ƙwai a Hannun Mahaifinki

Ya Nyilan, ruwan daɗina a tsakiyar ruwan gishiri, iskar da ke rako kwale-kwale gida lafiya, sanyin idanuna, ina gaishe ki da kaina a sunkuye.

Na san labari ya riga takardata isowa, domin a garinmu Betenti magana ta fi guguwa sauri. Duk da haka ki daure ki ji daga bakina.

Shekaranjiya da hantsi muna kewaya tsibirin tsuntsayen da hukuma ta sa mu gadi, ni da abokan aikina, sai tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya suna kuka, sama ta yi fari fat. Haka suke yi idan mutum ya taka inda suke kwanci. Na diro daga jirgi a guje, ina zazzaga zagin da ake yi wa ɓarawo, har uwa na ambata. Mutumin ya juyo, kwando cike da ƙwai a hannunsa. Mahaifinki ne. Baba Latir, wanda ya koya mini ɗinkin taru, wanda ya karɓi goron iyayena da fara'a!

Da ma ya mare ni, Nyilan. Da ma ya tsine mini. A'a, durƙusawa ya yi a kan yashi, da furfurarsa, ya ce, "Ɗana, teku ta hana mu kifi bana, ga jikoki a gida." Ni kuwa na miƙa hannu na karɓe kwandon. Ƙwan sun riga sun cakuɗe, ba mai sanin na wace uwa ne. Su ba su koma sheƙa ba, jikokinsa ba su ci ba. Muka jawo kwale-kwalensa har gaɓar gari, mata na shanyar kifi suna kallo, ɗaya ta tambaye ni ko haka samarin zamani ke kai gaisuwar surukai.

Kin tuna ranar da na kai ki ki hango 'yan tsakin tsuntsayen daga nesa? Suna tururuwa a bakin ruwa, kika ce kamar yaran da aka taso daga makarantar allo, kika yi dariya har ɗankwalinki ya faɗa teku. Kika ce in riƙe musu amana. Na riƙe, ya hasken raina, amma da wace fuska zan dube ki? Wane ruwa ne zai wanke wannan bakin?

Ba zan yi miki ƙarya ba, gaskiyar ce ma ta fi ƙona ni: in aka sake gobe, zan sake karɓar kwandon. Idan aka kwashe ƙwan bana, tsuntsayen ba za su dawo ba. Amma zagin ba doka ce ta sa ni ba, harshena ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko, zan tuɓe kaki da takalmi, in durƙusa masa a gaɓar nan, gaban matan nan. Ba zan tashi ba sai ya ce in tashi. Ba na roƙon ki shiga tsakaninmu, shi uba ne, ke 'ya. Abu ɗaya kawai: an ce tun ranar bai fito ko masallaci ba. Ki aiko mini, yana cin abinci kuwa?

Ko kin yafe ko kin juya baya, ba wata bayanki har a rufe ni da ƙasa.

Naki, wanda ya kasa biyowa ta ƙofar gidanku,
Ngor