Lambarki a Zauren Iyaye

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Mu muna nan lafiya. Baba yana fadama, an fara dashen shinkafar rani. Ƙannena suna hannun Gwaggo a Argungu. Ni kuma ina nan unguwar Badariya a Birnin Kebbi, gidan Kawu Sani inda kika kawo ni don karatu, kuma yanzu ina ajin ƙarshe na sakandare.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne in gaya miki wani abu da na yi da sunanki har wata biyar. Tunda a gaban mutane na yi shi, na ga ya dace in faɗe shi a gaban mutane.

Kin san zauren iyaye, wanda makaranta ta buɗe a waya don sanar da iyayen 'yan ajinmu abin da ake ciki. Lambarki ce a ciki, domin wayar Baba ƙarama ce mai madannai. An rubuta ki da "Maman Balkisu". Ranar da na nuna miki, kika kau da kai kina cewa mutanen birni ba su da kunya, yaya za a liƙa wa mace sunan ɗiyarta ta fari kowa yana gani. Ke dai ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "Ke wagga" kike ce mini, ko kuma "yarinyar nan" idan da wani kike magana.

Ni na koya miki rubutu a wayar, a hutun ajinmu na huɗu, muna gadin shinkafar da kika turara kika shanya don kada kaji su shiga. Da yatsa ɗaya kike dannawa. Amsa guda kika riƙe, ita kike ba kowace sanarwa, ko ta hutu ce ko ta jarrabawa: "Na gani. Allah shi yi jagora."

Kin rasu a tsakiyar damina, muna cikin dogon hutu, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Da aka yi sadakar bakwai, Baba ya miƙo mini wayarki a cikin ledar da kike sa ta. Cewa kawai ya yi, "Riƙe, ke ad da ilimin ta."

Sanarwa ta farko da ta shigo ita ce an ɗage komawa makaranta da mako guda. Iyaye suka yi ta amsawa. Bayan kwana biyu sabuwar malamar ajinmu, Malama Asabe, ta jero sunayen waɗanda ba su amsa ba. "Maman Balkisu, ba mu ji daga gare ki ba."

Inna, tun ranar da aka kai ki ban ƙara jin wani ya yi miki magana kai tsaye ba. Kowa "marigayiya" yake cewa. Ga wata mata kuwa tana kiranki, tana jiran amsarki. Na daɗe ina kallon rubutun. Sannan na danna miki kalmominki, da yatsa ɗaya.

Na yi niyyar faɗa idan mun koma. Ranar farko Malama ta shigo ta ce, "Yaya hutu?" Aji duka ya amsa, "Lafiya lau, Malama." Na buɗe baki, amma har an wuce zuwa kiran suna. Washegari abin ya fi nauyi. Bayan mako guda ban san ta inda zan fara ba. 'Yan ajinmu duk 'yan Birnin Kebbi ne, babu wadda labarin Argungu zai kai wa. Kawu yana zaton makaranta ta sani, makaranta kuma tana ganin amsarki duk mako.

Haka muka ci gaba, ni da ke. Aka soke hutun rabin zango, kika gani. Aka ƙara darasin ranar Asabar ga 'yan ajin ƙarshe, kika gani. Aka ce kowace ɗaliba ta kawo hoto da takardar haihuwa don rajistar jarrabawar fita, kika gani, kika yi addu'a. Wata rana wata uwa daga unguwar Gesse ta rubuta cewa ita dai addu'ar Maman Balkisu take jira kafin hankalinta ya kwanta da kowace sanarwa. Na karanta wannan a cikin keke napep ina dawowa gida, na rufe fuska da hijabi har Badariya.

Ba a cutar da ni a gidan Kawu, kada ki damu. Matarsa, Anti Ramatu, tana ajiye mini abinci a rufe. Sai dai gida ne mai nasa yaran da nasa hirar, ni kuma kin san ni, ban iya shiga hira ba. Idan na dawo nakan wanke kayan makaranta, in zauna a bayan tankin ruwa in buɗe zauren. Ko babu sabon saƙo, nakan ja sama in karanta tsofaffin amsoshinki, waɗanda da gaske hannunki ne ya rubuta. Har kurakuran da kike yi na koya.

A farkon zangon nan aka raba mana takardar zaɓi. Kowace za ta rubuta fannin da take so a jami'a ko kwaleji, kafin a buɗe rajistar jarrabawar shiga jami'a. Malama ta bi layi tana tambaya. Likita. Likita. Jinya. Lauya. Likita. Da aka zo kaina na tashi tsaye na kalli benci, har ta ce in zauna. Takardata na mayar ba komai a kanta sai sunana.

Ba wai ban san abin da nake so ba ne. Kina tuna shekarar da ruwa ya ci gonar Baba, aka turo wata malamar gona da irin shinkafa mai jure ambaliya? Mun kai wa Baba abinci muka tarar da ita a cikin laka da dogon takalmin roba, ta tsuguna tana murza ƙasa a hannu, dattawa sun kewaye ta ba mai tari. Kika taɓa ni da gwiwar hannu kika ce, "Dubi wagga. Mace na magana, manoma na saurare." Tun ranar na san abin da nake so. Amma a ajinmu, idan aka ce noma dariya ake yi, ana cewa wa zai sha wahalar boko don ya koma laka.

Kwana biyu bayan haka Malama ta rubuto miki ke kaɗai, ba a zaure ba. "Hajiya, yarinyarki tana da ƙoƙari, amma ba ta magana. Ta bar takardarta babu komai. Me take ce miki a gida?"

A nan ne na wuce iyaka, Inna. Amsa sanarwa daban, wannan daban. Na rubuta mata dogon saƙo da bakinki. Na ce yarinyar nan karatun noma take so, tun tana ƙarama take bin ubanta fadama, kunya ce kawai da tsoron dariya suka hana ta faɗa. Ban sa sunana ko sau ɗaya ba, domin na san ke ba za ki sa ba. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda maganar ta zo da sauƙi. Abin da na kasa furtawa a tsaye a cikin aji, na zuba shi duka ba gargada da na ɓuya a bayanki.

Malama ta yi murna. Ta ce za mu zauna mu uku, ni da ke da ita, a taron iyaye bayan Sallah. Na ce a raina akwai sauran lokaci.

Sai aka sake sauya jadawali. Saboda azumi an rage zangon, an dawo da jarrabawar gwaji kusa, taron iyaye kuma an matso da shi zuwa Asabar ɗin da ta wuce. Duk ɗalibar da uba ko uwa ko mai riƙonta bai zo ya sa hannu a takardarta ba, ba za a tura sunanta rajista tare da sauran ba. Iyaye suka yi ta ƙorafi. Ni ban amsa ba. Karo na farko ke nan da kika yi shiru a zauren.

Ranar Laraba da yamma wayarki ta yi ƙara a hannuna. Sunan Malama Asabe ne. Na riƙe ta har ta katse. Ta sake kira, ta sake katsewa. Sannan saƙo ya shigo: "Hajiya, lafiya dai ko? Ba mu saba jin ki shiru ba."

Na san abu biyu ne a gabana. Ko in bar ki a zauren ana kiranki, rajista ta wuce ni, ko in faɗi gaskiya in rasa wuri guda ɗin da ya rage ana yi miki magana kamar kina nan. Ba zan ɓoye miki ba, na fi karkata ga na farko. Abin da ya hana ni shi ne na san irin kallon da za ki yi mini.

Ranar Alhamis da aka tashi, na tsaya a ƙofar ɗakin malamai har kowa ya watse. Malama tana haɗa littattafai. Na shiga na ajiye wayarki a kan teburinta, saƙonta a buɗe. Ta kalli wayar, ta kalle ni. Na ce, "Ta rasu tun damina."

Ta yi salati ta zauna. Na yi zaton faɗa za ta yi, na shirya masa. Sai ta ce, "To da wa nake ta hira duk watannin nan?" Na ce da ni. Ta share ido da bakin mayafinta ta ce, "Ja'ira. Ashe kin iya magana." Sannan ta tambaye ni ko abin da aka rubuta game da noma gaskiya ne. Na ɗaga kai. Ta ce, "Ban ji ba. Da bakinki nake so." Na faɗa, Inna.

Ita ta kira Baba da kanta. Ranar Asabar ya bar 'yan dashe ya hau motar safe daga Argungu. Ya zo da babbar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a bakin benci a tsakiyar iyaye mata, hularsa a gwiwa. Da Malama ta karanta masa zaɓina ya juyo ya ce, "Noma? Mun kawo ki birni ki hita laka, ke kuma ita kika so?" Na ce e. Sai ya ce, "Uwarki ta hwaɗa min za a yi haka." Ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami. Ban taɓa sanin kun yi wannan maganar ba. Ban kuma tambaye shi me kika ce ba, kunya ta hana ni. Ya koma da motar azahar.

Saura abu guda. Malama ta ce za a sa lambar Kawu a zauren, taki kuma dole a cire. Ta ce za ta iya cirewa da kanta. Na roƙe ta ta bar ni in yi.

Jiya bayan la'asar na rubuta saƙo na ƙarshe daga lambarki, da sunana. Na gaya wa iyaye ranar da kika rasu, na ce ni ce nake amsawa tun daga lokacin, na nemi gafararsu. Sai ta'aziyya ta fara shigowa. Matan da ba su taɓa ganin fuskarki ba suna yi miki addu'a, wasu da rubutu, wasu da murya. Matar nan ta Gesse kuka take yi a nata saƙon. Babu wadda ta zage ni. Amma na lura, tun daga saƙo na uku, kowa ya koma cewa "marigayiya".

Na saurare su duka, ɗaya bayan ɗaya. Sannan na danna fita. Na san abin da ya bayyana a wayoyinsu da ƙananan baƙaƙe: Maman Balkisu ta fita.

Yau tun safe wayar ba ta yi motsi ba. Na duba ta sau da yawa a hanyar makaranta kafin in tuna. Gobe za a fara jarrabawar gwaji, kuma daga bakin Kawu na ji an sauya lokacin takarda ta farko. Ya faɗa mini yana ɗaura agogo, na ce to.

Ki yafe mini, Inna. Na ari sunanki ba da izininki ba, na sa ki faɗi abin da ya kamata ni in faɗa. Amma wallahi wata biyar ɗin nan su ne suka riƙe ni. Ban san yadda ake zama 'yar ajin ƙarshe ba tare da uwa ba. Yanzu zan koya.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi. Allah ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara. Ya saka wa Baba da Malama Asabe da alheri, ya ba ni ikon zama abin da kika hango ban sani ba. Allah ya haɗa fuskokinmu a Aljanna Firdausi, inda zan gaya miki sauran da bakina. Amin.

Taki har kullum,
ɗiyarki ta fari,
Balkisu