Ƙofar Gefen Mamanku

Tudun Wada, Jos, ranar Laraba.

'Yata Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Yaya maigidanki da jikokina? Ina fata kowa lafiya. Ni dai ƙafafun ne da sanyin garin nan, amma da sauƙi.

Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Tun rasuwar mamanku, kullum bayan la'asar ƙofar tsohuwar motarmu Fijo ɗin nan, ta gefen da take zama, sai ta buɗe da kanta, da ƙarar nan da kika sani. Nakan ce mata sannu da zuwa, in shiga mu zauna har magariba.

Ranar Asabar Sule bakanike ya duba, ya ce, "Baba, hinjin da ke riƙe ƙofar ne ya cinye, ba wani abu ba." Na bar shi ya sa sabo.

Tun ranar ƙofar ba ta sake motsi ba. Ina tsoron na rufe mata hanya. Na roƙi Sule ya dawo da tsohon, ya ce 'yan gwangwan sun kwashe.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Yau ma na zauna a motar har aka kira salla. Ba ta zo ba.

Mahaifinki.