Kansilan da Ka Ɗora Kan Rumbu

Zuwa ga Yaya Bala,

Assalamu alaikum. Yau shekara shida rabona da Gummi, shekara biyu da rasuwarka. Na san ba za ka ga takardar nan ba. Ko da kana raye ma sai an karanta maka. Amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Inna tana nan lafiya, sai ciwon gwiwa. Ta ce gero ya yi bana, dawa ce ta ƙi. Matarka ta koma gidansu a Bukkuyum da yaran. Samarin unguwa sun kwashe zuwa wajen Anka haƙar zinari, har an rasa mai gina rumbu tun da ka tafi.

Ni kuwa kasuwancin da ya kawo ni ƙasar Sin ya mutu tuntuni. Yanzu ina bayan garin Beijin, ina haɗa akwatunan katako a wurin wani mai yin mutum-mutumi. Abin da na raina ka a kansa, shi ke ciyar da ni.

Makon nan muka ɗaure wasu mutum-mutumi goma sha biyu don sawa a akwati. Manyan gwamnati ne, riga iri ɗaya, murmushi iri ɗaya, duk suna tafi. Tafin hannunsu ya kai faifai, amma babu mai kunne ko ɗaya. 'Yan sanda sun zo sun zagaya su. Maigidan ya gaya musu ai mutane ne masu farin ciki. Suka rasa abin rubutawa, suka tafi. Ba zan kira shi jarumi ba, don Turawa yake sayar wa, maƙwabtansa ba su taɓa ganin aikin ba. Amma ya iya abinsa. Na yi dariya har guduma ta suɓuce mini, sai na ji kamar dariyarka ce a bayana.

Ka tuna kansilan laka da ka ɗora kan rumbunmu bayan zaɓe? Ƙaton tumbi, hula a karkace, hannu ɗaya dogo ya zagayo ya shige bakin rumbun. Ba ka sa masa suna ba. Wa ke buƙatar suna? Mata masu dawowa daga rijiya sukan tsaya da tulu a ka suna dariya har ruwa ya zube. Rijiyar kam kansilan na gaske shi ya gina ta, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma takin da aka aiko wa manoma, kowa ya san inda ya shiga.

Wata ranar kasuwa, da kowa ya fita daga gida, na hau tsani da taɓarya na farfasa shi. Ka dawo, na tsaya ina yi maka wa'azi, wai gunki ne, zai kori mala'iku daga gidanmu. Sai ka kwaɓa laka, ka toshe ramin da na yi don kada ruwa ya ɓata hatsi. Daga ranar ba ka ƙara gina komai ba sai rumbu tsura.

Yaya, ƙarya na yi. Ba tsoron Allah ba ne. Takardata ta neman aikin akawu tana kan teburin kansilan, aka kuma raɗa mini cewa muddin abin nan yana kan rumbu ba zai sa hannu ba. Na fasa shi, na je na shaida masa da bakina. Ya gode mini ƙwarai, ya ba ɗan ƙanwarsa aikin.

Ka sani ne ka yi shiru? Ko ka tafi kana ganin ƙanenka ya fi ka addini, kai ne mai laifi? Na biyun nan shi ke cina. Da ma zagina ka yi.

Har yau Inna tana ba baƙi labarin don su san ta haifi ɗa nagari. Ranar Juma'a zan kira ta a wayar maƙwabta in faɗa mata gaskiya. Ita kaɗai ta rage da za ta ji haushina a madadinka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Sai mun zo.

Ƙanenka da ya makara,
Garba