Kwaɗon da na aiko maka

Tungar Tanko, ta hanyar Yelwa,
9 ga Nuwamba, 2013.

Zuwa ga ɗana Sahabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka da sharrin Kaduna da mutanenta. Mu nan lafiya lau. Ƙafar babanka ta yi sauƙi har ya koma ɗinkin komar kamun kifi a bakin ruwa, kifi kuma ya samu bana daidai gwargwado. Na zaɓi in rubuto maka ne domin a waya kana katse ni da na ji Inna, na ji Inna, alhali ba ka ji ba. Takarda ba a katse ta.

Albishirinka: an ɗauki ƙanwarka Zulaihatu a makarantar koyon aikin lafiya, fannin ungozoma, sunanta na bakwai a jerin. Alhamdu lillahi. Amma kafin ka fara cewa shafin da ku ma'aikatan kamfaninku kuka gina wa makarantar shi ya yi aiki, bari in tuna maka abin da ya faru ranar cike fom, domin rabinsa kawai ka sani.

Ranar kasuwa ce, muka bi jirgin ruwan Ɗanbaba zuwa Yelwa, na sayar da busasshen kifina, sannan na raka ta shagon kwamfuta na Ladan. Layi har waje, domin saura kwana biyu a rufe. Ta cike komai, ta danna maɓallin fita, ta zabura tana cewa Ɗanbaba ba ya jiran kowa. Ka san halina. Shekara ashirin da shida ban taɓa kulle ɗakin kifi na tafi ba sai na ja kwaɗon da hannuna na ji ya kama. Na ce ta zauna ta gwada mini ko ƙofar nan ta rufu. Ladan ya yi dariya, ya ce Inna, kwamfuta ba ɗakin banda ba ce, in an danna an gama. 'Yan layi suka taya shi, wani ma ya ce a ba tsohuwa igiya ta ɗaure na'urar kamar kwalekwale. Na ce masa tsohuwar nan ta gama sakandare tun ba a yi masa suna ba.

Zulaihatu kamar ta nutse don kunya, amma ta danna kibiyar komawa baya. Sai ga hotonta, ga sunanta, ga fom ɗin a buɗe, ba a tambaye ta lambar sirri ba. Ladan ya ce ai hoton shafin ne kawai ya rage, ba ya aiki. Na ce to ta canza lamba ɗaya a lambar wayarta ta adana mu gani. Ta canza, ya karɓa. Ke nan duk wanda ya hau kujerar bayanmu zai iya sauya mata fanni, ko ya janye takardar gaba ɗaya, mu kuwa muna tsakiyar ruwa muna murna. Shekara guda ta yarinyar nan, da duk karatun da ta sha, a hannun wanda ba mu sani ba.

Nan wata mata mai suna Marka, daga wajen Shanga, ta fito daga layi. Ta ce makon jiya 'yarta Goodness ta cike ungozoma a wannan shagon, daga baya suka tarar an mayar da ita wani fanni, aka ce sakacinta ne, har ubanta ya daina yi mata magana.

Na sa Zulaihatu ta gyara lambarta, na ɗaga ta, na zauna a kujerar da kaina, na ce ba mai hawa sai an rufe ƙofar nan. Ladan ya roƙa, ya yi fushi, ya sake roƙo. Muna ji injin Ɗanbaba ya tashi ya tafi. Lokacin ne na kira ka, kuma ka tuna abin da ka fara cewa: ba zai yiwu ba. Sai bayan la'asar ka kira ka amsa cewa maɓallin naku yana mayar da mutum shafin farko ne kawai, amma babbar na'urarku tana nan riƙe da shi a matsayin wanda bai fita ba. Wato kun zana ƙofa a bango kun ce an kulle. Da ka ce kun gyara, ban tashi ba sai da Zulaihatu ta shiga ta fita sau uku, kowane karo kibiyar na kai ta wurin neman lambar sirri. Muka kwana gidan gwaggonka Ladidi, ita kuwa ta ba unguwa labarin kafin mu gama cin tuwo.

Na ji daɗi da ka je da kanka ka gaya wa makarantar laifinku ne, har aka mayar wa Goodness fanninta. Ita ma an ɗauke ta, Marka ta kawo mini kaza har gida. Wannan shi ne tarbiyyar da na ba ka. Amma ba zan ɓoye maka ba, aikin da ka saki ba ka gwada ƙarshensa ba, ba a gidana ka koye shi ba. Mutane suna ba ku amanar sunansu da hotonsu, kuma mafi yawansu a na'urar haya suke shiga, wani na tashi wani na zama. Ladan yanzu ya manna takarda a bango cewa kowa ya fita, ya gwada kafin ya tashi. In na wuce har ƙasa yake gaishe ni.

Babanka yana sa maka albarka. Zulaihatu da gwaggo Ladidi suna gaishe ka. Ka gaishe mini da kawunka Abdulrahman da matarsa Hauwa da yara.

A cikin kwalin kifin da na ba direba za ka ga tsohon kwaɗon ɗakin banda, na sayi sabo. Ka ajiye shi a kan teburin aikinka. Duk ranar da ka ce ka gama, ka ja shi tukuna.

Mahaifiyarka,
Tamada