'Yan Shilar Malam Badruddeen

Kafanchan, 11 ga Maris, 1987

Zuwa ga maƙwabcina Malam Badruddeen Tela,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fata ka isa Jos lafiya, ka sami 'yarka Fatimatuzzahra'u da maigidanta lafiya. Silvanus, mai gadin jirgin ƙasa, shi ya ce mini ya gan ka a tasha ba ko jaka. Shi ne zai kawo maka wannan takarda.

Ba zan ɓoye maka ba, a rikicin nan shagonka na kasuwa ya ƙone, har da keken ɗinki. Amma gidanka yana nan, na sa masa kwaɗo.

Maganar tantabarunka ce ta sa na ɗauki biro. Tun ranar da hayaƙi ya rufe gari suka tashi, duk arba'in ɗin, ko ɗaya ba ta dawo ba. Jiya na ji kuka cikin tukwanen da ka rataye a ƙarƙashin rufi, na hau tsani na tarar da 'yan shila huɗu. Na kawo su gidana. Ka san ni da kiwon kaji, sai na zuba musu tsaki da ruwa a murfin gwangwani yadda nake yi wa 'yan tsaki. Ko kallo ba su yi ba. Har ƙarƙashin kazar matata Emilia na tura su, saura kaɗan ta kashe su da sara. Ƙananan biyu sun mutu yau da safe. Manyan biyu suna ta kuka suna cusa baki tsakanin yatsuna, ban san abin da suke nema ba.

Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakaninmu, ban taɓa tambayarka yadda kake yi da su ba. Ka aiko amsa a jirgin gobe. In ka fi so ka kawo amsar da kanka, gari ya soma lafawa.

Ubangiji ya kiyaye ka.
Azariya

Jos, 12 ga Maris, 1987

Zuwa ga Azariya, Baban Clara,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyali. Takardarka ta same ni. Shago kuwa, Allah ne ya bayar, shi ya karɓa.

Haba Azariya! Shekara talatin kana gyaran injin jirgi a loko, amma ba ka lura tantabara ba kaza ba ce? Ɗan tsako daga ƙwai yake fitowa da wayonsa. Ɗan shila kuwa ɗura ake yi masa. A satin farko wani farin abu kamar kindirmo uwa da uba suke fitarwa daga wuyansu su ba shi, don haka kada ka ɗora wa kanka laifin ƙananan nan, ko ni ba zan iya rayar da su ba. Manyan kuwa, da suke cusa baki a yatsunka, bakin ubansu suke nema.

Ga yadda za ka yi. Ka jiƙa gero ya yi laushi. Ka kurkure bakinka daga garin tabar nan taka, ka tauna geron, ka sa bakin ɗan shila cikin bakinka, shi zai ja da kansa. Sau uku a yini. Ka riƙa taɓa ƙirjinsa, in ya cika ya yi laushi kamar ƙullin kamu, ka bari haka nan. In ƙyama ta hana ka, to ka yanka su ka huta.

Batun dawowa, ka bar shi. Mahaifina yakan ce tantabara ba ta zama inda babu zaman lafiya. Kowace ɗaya da hannuna na ɗinka mata ɗan koren ƙyalle a ƙafa, da hannuna na ciyar da su, amma suka tashi ba waiwaye. Sun fi mu sanin garin. Waɗannan biyun ma, ranar da fiffike ya yi ƙwari za ka neme su ka rasa.

Ka gaishe da Emilia. Allah ya bar zumunci.
Badruddeen

Kafanchan, 20 ga Mayu, 1987

Malam Badruddeen,

Salama gare ka. An ce kuna azumi, Ubangiji ya ba da ƙarfi a sanyin Jos ɗin nan.

Suna nan da rai, su biyun. Ka manta haƙorana huɗu suka rage, gero ya fi ƙarfina. Emilia ce ta ce in gwada acca da ƙanwarta ta aiko daga Madakiya, tunda ba ta bukatar tauna sosai. Ranar farko na yi amai. Rana ta uku na saba. Taba kuwa na bar ta gaba ɗaya, abin da fasto ya yi shekara goma yana fama da ni a kai.

Amma ka jefa ni cikin wata wahala. Sun yi gashi, suna tashi, ga hatsi a faifai, amma ba su ci sai daga bakina. Ko banɗaki na nufa suna kafaɗata. Ran Lahadi suka bi ni majami'a. Ina tsaye ina karanta Zabura a gaban jama'a, ɗaya ya shigo ta taga ya sauka a kan Littafi, ya miƙo baki yana neman nawa. Matan zumunta sun yi dariya har da hawaye. Malam, tun watan Maris ban ji an yi dariya a majami'ar nan ba sai ran nan. Yanzu ko a kasuwa Baban Shila ake kira na, har mutanenku masu nama.

Ka ce in fiffike ya yi ƙwari za su tafi. To ya yi ƙwari, ga su nan. Yaushe za ka zo?

Naka,
Azariya

Jos, 6 ga Yuni, 1987

Zuwa ga Baban Shila,

Gaisuwa da fatan alheri, mun yi salla lafiya. Na yi dariya har Fatimatuzzahra'u ta leƙo ta ga ko lafiya.

Laifina ne, na koya maka ɗura ban koya maka yaye ba. Tun suna wata ɗaya ya kamata ka janye bakinka. Ka bar su da yunwa yini guda, kada kukansu ya karya maka zuciya. Sannan ka zuba dawa a faifai ka riƙa ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar kana tsattsaga, za su kwaikwaye ka. Ruwa kuma ka tsoma bakin kowanne sau ɗaya, ya isa. In sun girma sun fara zagaya juna suna guɗa, ka ƙara musu wake da gyaɗa, ka ajiye ruwan kanwa da 'yan tsakuwa, mai shirin ƙwai tana bukatarsu.

Zamansu ba shaida ba ce, Azariya, kai suke ɗauka ubansu. Ranar da tantabara ta yi ƙwai a can Kafanchan ta ƙyanƙyashe, ranar za mu yi magana, don ba ta saka ƙwai inda hankalinta bai kwanta ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan, na daɗe ina juya shi. Ran Asabar ɗin da ake rikicin nan da rana, da ka zo kana buga ƙofata kana cewa in fito ka ɓoye ni a ɗakinka, ina ciki. Ina jin ka. Ban buɗe ba don na ji tsoronka. Kai da ka ɗauki gawar matata a kafaɗarka, kai na ji wa tsoro. An ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, amma ni na san ba tsumma ba ne a bakin ƙofata, kai ne. Ba ƙonewar shago ta hana ni dawowa ba, kunyar haɗa ido da kai ce.

Ka yafe mini in za ka iya.
Badruddeen

Kafanchan, 18 ga Disamba, 1987

Malam,

Salama. Na rubuta maka tun Yuli, ba ka amsa ba, to bari in sake faɗa. Na san kana ciki, na ji tarinka. Shi ya sa na ɗauko kujera na zauna a ƙofarka har la'asar. Da ni ne a ciki, ban san ko zan buɗe ba. Babu abin yafewa.

Yaye ya yi. Suna cin dawa da kansu, ni ne ma na yi kewa. Wake, gyaɗa, kanwa, duk ina ba su. Sun yi ƙiba har tukunya ta yi musu kaɗan, suna guɗa tun safe, amma ƙwai shiru. Emilia ta ce in ci gaba da addu'a.

Na aiko maka citta ta hannun Silvanus saboda tarin.

Azariya

Kafanchan, 9 ga Agusta, 1988

Malam Badruddeen,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ko ka amsa ko kada ka amsa, wannan sai ka karanta ta a zaune.

Rashin sani ya fi dare duhu. Fiye da shekara ina ɗura wa tsuntsayen nan wake ina jiran ƙwai, ashe duk biyun maza ne! Wani mai tantabaru daga Godogodo ne ya duba su ya faɗa mini, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Na so in saya musu mace, sai na ce a'a, za ka ce na yi maguɗi.

A watan Yuni babban ya ɓace. Kwana biyar ban ci abincin kirki ba, na ce maganarka ta tabbata. Rana ta shida ina gyara shinge sai ga shi a kan rufinka, ba shi kaɗai ba. Wata ramammiya ce tare da shi, gashin wuyanta duk ya zube. Na watsa dawa, ta yi ta kallona kafin ta sauko. Malam, akwai ƙyalle a ƙafarta. Ya koɗe ya yi datti, amma kore ne, kuma ɗinkinka ne. Ban san inda ta yi watannin nan ba. Ba wanda ya kamo ta, da fiffikenta ta zo.

Ba gidana ta zaɓa ba, tukunyar gidanka ta shiga. Ta saka ƙwai biyu. Shekaranjiya suka ƙyanƙyashe, na hau tsani na ga uban yana yi musu ɗurar farin abin nan da ka ce. Wanda na ciyar da bakina, yau shi yake ciyar da wasu. Na yi kuka a kan tsanin, ban ji kunya ba.

Ga ɓawon ƙwan a cikin ambulan, in bai farfashe a jakar Silvanus ba. Kai ka kafa sharaɗi, ba ni ba.

Maƙwabcinka,
Azariya

Jos, 13 ga Agusta, 1988

Azariya ɗan'uwana,

Salamu alaikum. Ɓawon ya iso a farfashe, amma na gane shi.

Kada ka taɓa su, kada ka sa musu baki, iyayensu sun ishe su. Ka dai ƙara wake, mai ɗura yana cin na mutum biyu.

Ina tafe a jirgin Alhamis. Kada ka zo tasha. Ka zauna a gida ka rufe ƙofa, ina so in buga.

Badruddeen