Makeron Duna

Daren Laraba, tara ga watan Rajab, Bodinga

Na kasa zama wuri guda. Duba-gari ya dawo yau, ya ga karena Duna, makero ya cinye mai gashi har wuya. Yac ce, "Baba, dokar Nasara ce. In bai warke ba ran Jumma'a, harbe shi za a yi."

Nic ce, "Yaro, da kakannin karen ga munka yi farauta dajin Shagari tun ba a haife ka ba."

Na sake shafa ma Duna farar wuta da man shanu. Susar ta ragu, har ya ci tuwo.

Wurin alwala nig ga jan zobe bisa hannuna, irin makeron Duna. Na ja hannun riga na rufe. Ba mai ganin shi sai bayan Jumma'a.